Me Ya Sa Ake Kai Samfurin Cutarmu Waje, Kuma Mu Me Muke Samu?

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya tsare miki sauran kajin. Na karanta tambayarki, a taƙaice kin ce kina kiwon kaji a wajen Rigachikun, kwanaki kaji suka fara zubewa a wata gona kusa da taki, ma'aikatan lafiyar dabbobi suka zo suka ɗebi samfur har a taki gonar, aka ce za a kai Vom, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke kusa da Jos, wataƙila ma daga can a tura ƙasar waje. Shine kike cewa me ya sa kullum ake kwasar cutarmu ana kai wa Turawa, bayan da idonmu muka ga yadda suka rungume rigakafi lokacin korona suka bar mu, ba gara mu riƙe abinmu ba?

Ni aikina na ɗakin gwaji ne, ɓangaren cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kuma zan faɗa miki gaskiya, zarginki yana da tushe, ba zan ce miki jahilci ba ne kamar yadda wasu abokan aikinmu ke saurin faɗa. Amma riƙewar ba za ta fisshe mu ba. Abin da zai fisshe mu shine mu bayar da wuri, mu bayar da sharaɗi, sannan mu tabbatar duk wanda ya fito ya ce ga cuta a wajena bai kwana a ciki ba, ko mai gona ne ko ƙasa guda.

Bari in fara da abin da aka ɗiba a gonarki. Ɗan tsinke ne mai auduga a kai, a goga shi a maƙogwaron kaza da kuma duburarta, a karya tsinken cikin wata 'yar kwalba mai ruwa, a rubuta lamba, a jera cikin kula da ƙanƙara. In akwai wadda ta mutu ba da daɗewa ba a ɗauki huhu da hanji da saifa. Daga nan tsere ake da zafin rana, don in ƙanƙarar ta narke a hanyar Jos kafin a isa Vom toh aikin na iya lalacewa. A ɗakin gwaji tambaya ta farko mai sauƙi ce, murar tsuntsaye ce ko kuwa wata cutar kaji ce da muka saba da ita. Wannan yanzu a gida ake amsa ta, ba sai an tsallaka teku ba. Tambaya ta biyu ita ce mai wuya: wane iri ne, daga ina ya fito, ya canza ko bai canza ba, ya fara samun alamun da za su sa ya iya kama mutum cikin sauƙi?

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutun halittarta, dogon layi ne na haruffa huɗu da ke ta maimaituwa, na korona misali ya kai haruffa wajen 30,000. Duk sanda ƙwayar ta hayayyafa sai ta kwafi rubutun nan, kuma a wajen kwafa takan yi kuskure nan da can, kurakuran su ne ke nuna mana dangantaka, wannan jikar waccan ce, waccan daga wuri kaza ta taso. Toh kinga ko mun karanta rubutun ƙwayar da ta kashe kaji a Rigachikun tsaf, in ba mu da na Nijar da na Masar da na Turai da za mu ajiye kusa da shi mu kwatanta, ba abin da zai gaya mana. Su ma can haka, in ba su da namu a duhu suke. Tsuntsayen da ke sauka a dausayin Hadeja da Nguru lokacin sanyi daga Turai da Asiya suke tasowa, ba wanda ke tambayarsu biza.

Kuma abin da mutane da yawa a garin nan ba su sani ba shine, wannan rigimar ta raba bayanan cuta a duniya, akwai hannun Kaduna a cikinta dumu-dumu. A watan Janairun 2006 kaji suka fara mutuwa dubbai a wata babbar gona a Jaji, ƙaramar hukumar Igabi, nan bayan gidanki. Aka kai samfur Vom, daga Vom aka tura Padova a Italiya inda akwai ɗakin gwajin da hukumomin duniya suka amince da shi kan murar tsuntsaye, sai a farkon Fabrairu aka tabbatar murar tsuntsaye ce nau'in H5N1, kuma wannan shine karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka baki ɗaya. Ki lura da tazarar, kusan wata guda tsakanin fara mutuwar kaji da samun tabbaci, a cikin watan nan motocin kaji da na ƙwai da na kashin kaji ba su daina zirga-zirga ba, kafin a ankara an ji ta a Kano da Filato. Matar da ke shugabantar ɗakin gwajin na Italiya, Ilaria Capua, aka ba ta shawarar ta saka rubutun halittar ƙwayar a wani rumbun bayanai mai makulli wanda tsirarun ɗakunan gwaji ne kawai ke iya buɗewa, ta ce a'a, ta saka shi a GenBank inda kowa zai iya gani kyauta, sannan ta yi kira ga sauran masana su yi haka. Surutun da ya biyo baya yana cikin abin da ya haifar da rumbun GISAID a 2008, wanda daga baya duniya ta dogara da shi lokacin korona. Kuma da aka kwatanta samfuran Najeriya da na sauran ƙasashe a wannan shekarar ta 2006, masana na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu na Turai suka gano cutar ba sau ɗaya ta shigo mana ba, ta hanyoyi daban-daban ta shigo, wanda hakan ya canza lissafin yadda za a tsare ta. Ba don an raba bayanin ba da ba wanda zai gane haka.

Yanzu ga ɓangaren da ya ba ki gaskiya. A 2007 Indunusiya, wadda a lokacin murar tsuntsaye ke kashe mata mutane fiye da ko'ina, ta daina tura samfur ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Ministar lafiyarsu Siti Fadilah Supari ta tsaya kai da fata, hujjarta kusan irin taki ce sak, muna ba da ƙwayar cuta kyauta, kamfanoni su karɓa su haɗa rigakafi, su dawo su sa mana farashin da ba za mu iya ba. An zage ta sosai a lokacin, kuma gaskiya matakin yana da haɗari don an bar duniya ba ta ganin yadda ƙwayar ke canzawa a inda ta fi tsanani, amma shi ya tilasta aka zauna, bayan shekaru ana ja-in-ja a 2011 aka cimma tsarin da ya ce kamfanin da ya amfana da samfurin murar da ka iya zama annoba sai ya ba da gudummawar kuɗi kuma ya ware wani kaso na rigakafi ko magani ga hukumar ta raba wa ƙasashe marasa ƙarfi. Matsalar ita ce tsarin nan mura kawai ya shafa. Da korona ta zo babu irinsa a ƙasa.

Korona ta nuna fuska biyun duka. A ranar 11 ga Janairun 2020 wani masani a Shanghai, Zhang Yongzhen, tare da abokin aikinsa Edward Holmes na Ostireliya suka saki rubutun halittar ƙwayar a intanet. Cikin 'yan kwanaki an haɗa hanyar gwaji a Jamus, kamfanin Moderna ya zana rigakafinsa ba tare da ya taɓa riƙe ƙwayar a hannu ba, rubutun kawai ya gani, kuma kafin shekarar ta ƙare, ranar 8 ga Disamba, an fara yi wa mutane allura a Ingila. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, an samu mai cutar na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, cikin kwanaki ƙalilan ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, jihar Osun, tare da abokan aikinsu na Legas suka karanta rubutun ƙwayar suka saka wa duniya, shine na farko daga Afirka. A gida aka yi, da hannun 'yan gida. Toh amma da aka zo rabon rigakafi fa? Ƙasashe masu kuɗi sun riga sun saye tun kafin a gama haɗawa, wasu sun yi odar abin da ya ninka yawan jama'arsu. Kason farko na COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe rigakafin korona, allura kusan miliyan 4, sai ranar 2 ga Maris 2021 ya sauka Abuja, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ana cikin haka cutar ta yi tsanani a Indiya ta dakatar da fitar da rigakafi, kuma can ne COVAX ta fi dogara. Daga baya da aka fara turo mana kyauta wasu sun zo saura makonni su lalace, har a Disambar 2021 sai da hukuma ta lalata sama da allura miliyan 1 a Abuja. Wannan abin har yau yana min ciwo.

Wanda ya fi ƙona min rai ma shine na Omicron. A Nuwambar 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu, irin su Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka hango wani sabon nau'in korona mai canje-canje da yawa, ba su ɓoye ba, nan take suka sanar. Ladan da suka samu shine rufe musu hanyar jirage, 'yan kwanaki kaɗan Birtaniya da Kanada suka haɗa har da Najeriya. Daga baya aka gano nau'in yana cikin samfuran da aka ɗiba a Holan tun kafin sanarwar ta fito. Har sinadaran gwajin da masanan ke buƙata don ci gaba da bibiyar ƙwayar suka yi wuyar isowa saboda babu jirage. Ki gaya min, wace ƙasa ce za ta ga haka gobe ta yi saurin buɗe baki?

Kuma Hajiya wannan ke kin fi ni saninsa, don abin da ke faruwa a gonaki kenan. A 2006 diyyar da gwamnati ta fara sanarwa naira 250 ce kan kowace kaza da aka kashe, kuɗin bai kai darajar kaza mai ƙwai ba, kuma kan wadda hukuma ta kashe ake biya, wadda ta riga ta mutu ta tafi a banza. Me mai gona zai yi? Da ya ga sun fara yin sanyi, tukkunsu ya yi baƙi-baƙi, ƙwai ya ragu, sai ya kira 'yan sari da daddare a kwashe a kai kasuwa a karya farashi, cutar ta bi keji da tayar mota ta shiga gona goma. Ba mugunta ba ce, tsoron talauci ne. Duk tsarin da mai faɗin gaskiya ne ke asara toh ƙarya zai riƙa samu, kuma babu na'urar da za ta gyara wannan. Shi ya sa in ana taron haɗin gwiwa ana ta maganar manyan injina ni nakan ce a fara da maganar diyya, a biya da wuri, a biya abin da ya yi kusa da farashin kasuwa.

Tunda muna nan bari in faɗa miki abin da ya shafe ki kai tsaye. Barin da kika yi aka ɗebi samfur daidai ne. Ki riƙe sunan ofishin da suka zo da lambar da aka rubuta a kan samfurinki, ki bi sawun sakamakon don haƙƙinki ne a gaya miki. Kafin ya fito kar kaza ko ƙwai ko taki ya fita daga gonar, kar 'yan sari su shigo da kejinsu, a ajiye ruwan magani a bakin ƙofa ana tsoma takalmi, yaran da ke miki aiki kar su je taya maƙwabta kwashe matattu, wadda ta mutu a binne da zurfi kar a yanka a ci kar a jefa wa karnuka. In wani cikin masu aikin ya kama zazzaɓi da tari ko jan ido a kai shi asibiti a faɗa wa likita cewa yana aikin kaji. Ba don in tsorata ki ba ne, kamuwar mutum ba ta cika faruwa ba, amma ta taɓa faruwa a ƙasar nan, wata matashiya ta rasu a Legas a Janairun 2007.

Akwai wani tabon kuma da mu 'yan Arewa muke ɗauke da shi wanda duk mai son yin bincike a nan dole ya san da shi. A 1996 lokacin babbar annobar sanƙarau, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake ba, aka yi ta shari'a har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, da aka zo 2003 ana raɗe-raɗin allurar shan inna, Kano da Zamfara da mu nan Kaduna aka dakatar da ita, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004 bayan an kawo wadda aka yi a Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, yaranmu ne suka shanye, kuma sai Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta daji. Kinga ɓarnar bincike ɗaya da aka yi ba bisa amana ba. Yau akwai kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, manyan asibitocin koyarwa irin na Shika suna da nasu, ba a taɓa mutum sai da yardarsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, kuma samfur ba ya fita ƙasa sai da takardar yarjejeniya da ta faɗi me za a yi da shi, wa ke da shi, me za a yi da ragowar. Takardar nan ita ce wajen da ake cin mu ko mu tsira, kuma sau da yawa mu ne ke sa hannu ba mu karanta ba saboda murnar an kawo tallafi.

Toh akwai inda haɗin gwiwar ta yi mana rana kuwa? Sosai ma, kuma misalin da na fi so daga sanƙarau ɗin nan dai ya fito. Bayan annobar 1996 ministocin lafiya na Afirka suka nemi a samo rigakafi mai ɗorewa, a 2001 aka kafa shiri tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH da kuɗin gidauniyar Gates. Abin da ya bambanta shi shine tun farko aka tambayi ƙasashen nawa za ku iya biya, aka tsayar da cewa kar allura ɗaya ta wuce rabin dala, sannan aka je neman wanda zai yi a wannan farashin. Manyan kamfanoni ba su ga riba ba, Serum Institute na Indiya ya karɓa, fasahar haɗawa ta fito daga wani ɗakin gwajin gwamnatin Amurka, aka yi gwaji a Mali da Gambiya da wasu ƙasashen. Aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso a Disambar 2010, ta iso Arewacin Najeriya a 2011, kuma nau'in A wanda shi ke kwashe mana yara duk bazara kusan ya ɓace. Da nau'in C ya taso ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017 aka sake bin wannan hanyar, a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Wanda ya girma a garin nan ya san yadda ake tsoron watan Maris da Afrilu a da.

Ebola ma haka. Wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar ranar 20 ga Yulin 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta rasa ranta a dalilin haka. An tsaya a mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce mun fita, alhali a Gini da Laberiya da Saliyo sama da mutum 11,000 suka mutu. Abin da ya taimaka shine ma'aikata da tsarin da aka gina don yaƙi da shan inna, su aka juya suka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida. Injinan gwajin tarin fuka da aka raba wa asibitoci su ma an juya su sun yi gwajin korona. Irin taimakon da nake so kenan, wanda in baƙon ya tafi abin yana nan, da mutumin da ya iya sarrafa shi.

Sai dai kar mu ruɗi kanmu, hankalin duniya yana tafiya ne inda tsoronta yake. Zazzaɓin Lassa tun 1969 aka gano shi, sunan wani gari ne a Borno, daga Jos aka ɗauki samfur zuwa Jami'ar Yale a Amurka. Sama da shekara 50 kenan, duk rani sai ya kashe mutane har da likitoci da nas-nas, mu ma nan Kaduna mun rasa ma'aikatan lafiya a farkon 2024, amma har yanzu babu rigakafin da aka amince da shi, sai a 2024 ɗin aka fara gwaji mataki na biyu na wata allura a Abuja da tallafin CEPI, ƙawancen duniya mai ba da kuɗin haɗa sababbin rigakafi. Duk da haka aikin da asibitin Irrua a Edo ya daɗe yana yi da cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug ya yi amfani, a 2018 da masu cutar suka yi yawa aka tsorata ko sabon nau'i ne mai saurin bin mutane, karanta rubutun ƙwayar ya nuna yawanci daga ɓera ne take tsallakowa, sai aka san inda za a sa ƙarfi, rufe abinci da daina shanya a ƙasa da kare ma'aikatan asibiti. Ƙyandar biri kuwa ta dawo Bayelsa a 2017, Dakta Dimie Ogoina ya lura tana kama samari manya ta hanyar cuɗanya ta kusa, ya rubuta ya faɗa, ba a saurare shi ba sai da ta shiga Turai da Amurka a 2022. Can aka yi ta allura, mu kuwa sai Agustan 2024 aka kawo mana 10,000.

A watan Mayun 2025 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da yarjejeniyar annoba, a ciki akwai cewa kamfanin da ya shiga tsarin zai ware kashi 20 cikin 100 na abin da yake samarwa lokacin annoba, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. Amma ainihin ɓangaren da zai faɗi yadda za a ɗaura ba da samfur da samun amfanin, a lokacin an bar shi sai an sake zama, kuma Amurka ba ta ciki tunda ta sanar da ficewa daga hukumar a Janairun 2025. Wannan ɓangaren shine amsar tambayarki a rubuce, kuma ina ganin ya kamata wakilanmu da na sauran Afirka su tsaya a kai kar su sassauta, don samfur da bayani su ne kaɗai abin cinikin da ke hannunmu.

Amma in na tsaya a laifin Turawa ban yi miki adalci ba. Muna da ɗakin haɗa rigakafi a Yaba tun 1940, yana yin na agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare har ana kai wa maƙwabta, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, bai dawo ba. Senegal ta riƙe nata a Dakar har yau tana yin allurar shawara. Afirka gaba ɗaya abin da take haɗawa bai wuce kashi 1 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi ba, Tarayyar Afirka ta sa burin kashi 60 nan da 2040. A Abuja aka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya a 2001, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, an kafa ta a 2011, dokarta sai Nuwambar 2018 aka sa wa hannu. Kuma mashaƙo da ta kashe yara a Kano da Kafanchan a 2023 ba sabuwar cuta ba ce, allurarta tana nan kyauta a asibitin sha-ka-tafi, yaran ne ba a kai ba.

A ɗakin gwaji abin da ke karya mu ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Firizar da ke ajiye samfur tana son sanyin 80 ƙasa da sifili dare da rana, in Nepa ta ɗauke kuma babu dizal a janareto sai ki ga ma'aikaci yana kwasar akwatuna yana neman inda zai kai su kafin su narke, aikin shekaru ne a ciki. Sinadaran gwaji daga waje suke zuwa da dala, su zauna a hannun kwastan har lokacinsu ya kusa ƙarewa. Inji ya lalace a jira injiniya daga wata ƙasa. Yaron da aka horar ya ƙware sai ya samu aiki a waje ya tafi, kuma ba za ki ga laifinsa ba in kin ga albashinsa. Yawancin waɗannan kuɗin tallafi ne ke riƙe da su, shi ya sa da aka rufe USAID, hukumar tallafi ta Amurka, a 2025 wurare da yawa suka girgiza. Jihar nan tana da ABU da tsangayar likitan dabbobi a Zariya, da cibiyar binciken sammore a cikin gari, da cibiyar tarin fuka ta Saye, da asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga Vom nan kusa. Abin da nake so in ga 'yan majalisar jiha sun sa a kasafi da sunansa shine sola da batir na firizojin nan, da kuɗin sinadarai na shekara, da man babur na jami'in sa ido kan cututtuka da ke kowace ƙaramar hukuma, da asusun diyyar masu kaji wanda ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyarku ta masu kiwon kaji tana da bakin da za ta nemi na ƙarshen nan, kuma lokacin da ake sauraron ra'ayin jama'a kan kasafi ne ya kamata ku je da shi a rubuce.